Saniyar Kidane da Tarun Amadu

Filin Tambaya da Amsa

Wasiƙu uku ne suka haɗu a hannuna a wannan wata, ɗaya daga Kusseri, ɗaya daga Marwa, duka a arewacin Kamaru, ɗaya daga Injamena ta Cadi, kuma dukkansu a kan fim ɗaya suke, wato Timbuktu na Abderrahmane Sissako, wanda ya fito a 2014. Rabona da fim ɗin ya kai shekara goma, don haka sai da na nemo shi na zauna na kalle shi har sau biyu kafin in amsa wa kowa. Na taƙaita wasiƙun saboda ƙarancin fili, masu su su yi mini afuwa.

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Malam. Ni malamar makaranta ce a Kusseri. Na fara kallon Timbuktu a 2015 ina ɗaliba, na yi kuka, na kuma ɗauka ban taɓa ganin fim irinsa ba. A hutun da ya wuce ƙanena ya tura mini shi a waya, na sake kallo, sai wani abu ya tsaya mini a rai. Mutane sun yi yawa a cikinsa, wasu a nuna su sau ɗaya a watsar, ba ka san ƙarshensu ba. Abin da ya fi damuna shi ne masuncin da aka kashe, domin mahaifiyata 'yar gidan masunta ce. Fim ya ƙare ina tausayin wanda ya yi kisan, shi kuwa mamacin ko fuskarsa ban riƙe ba. Shin fim ɗin ne ke da aibi, ko kuwa ni ce na canza?

AMSA: Wa alaikumus salam, Malama. Kin canza, kuma aibin da kika gani yana nan tun ranar da fim ɗin ya fito. Canzawar taki ce ta ba ki idon ganinsa. Sai dai ƙorafinki biyu ne, kuma a ɗaya kawai zan ba ki gaskiya baki ɗaya.

Bari in fara tunatar da waɗanda ba su kalla ba ko suka manta. Daga Afrilun 2012 zuwa Janairun 2013 birnin Timbuktu na arewacin Mali yana hannun ƙungiyar Ansar Dine da abokan tafiyarta na Alƙa'ida reshen Magrib, har sai da sojojin Faransa da na Mali suka shiga. A wannan zaman ne aka hana kiɗa da taba, aka rushe hubbaren waliyyai, aka riƙa yi wa mutane bulala a bainar jama'a. Sissako, wanda aka haifa a Kiffa ta Muritaniya a 1961, ya tashi a Mali, ya koyo aikin fim a Mosko, ya sha faɗa cewa abin da ya tunzura shi shi ne jefe wani mutum da wata mace da aka yi a Aguelhok a ƙarshen Yulin 2012, bisa cewa sun haihu ba aure, duniya kuma ko kai ba ta ɗaga ba. (Sunan Aguelhok ba baƙo ba ne a gidajen Cadi, domin a can aka kashe sojojin ƙasar goma na rundunar Majalisar Ɗinkin Duniya a Janairun 2019.) Rashin tsaro ya hana shi ɗaukar fim ɗin a Timbuktu, sai ya ɗauke shi a Walata, tsohon gari a kudu maso gabashin Muritaniya, sojojin ƙasar suna gadin ma'aikatansa.

Zaren da ya fi tsawo a labarin shi ne na Kidane, Ba'abzine makiyayi da ke zaune a tanti a bayan gari tare da matarsa Satima da 'yarsu Toya da wani yaro maraya, Issan, mai yi musu kiwo. Maƙwabtansu duk sun yi ƙaura. Wata rana a wurin shayarwa, saniyar da suka fi ƙauna, wadda suka laƙaba wa suna GPS, ta kutsa cikin tarun wani masunci mai suna Amadu, shi kuma ya soke ta da mashi. Kidane ya ɗauki bindiga ya nufi bakin ruwa duk da matarsa ta roƙe shi ya bar ta a gida, aka yi kokawa, bindiga ta tashi, Amadu ya mutu. Kotun masu riƙe da gari ta ambaci diyyar shanu 40, shi kuwa bakwai suka rage masa, aka yanke masa hukuncin kisa. A gefen wannan akwai mai sayar da kifi da aka ce sai ta sa safar hannu, ta miƙa hannuwanta ta ce gara a yanke su. Akwai mawaƙiya, wadda Fatoumata Diawara ta fito a matsayinta, da aka yi wa bulala tana durƙushe har kukanta ya rikiɗe ya koma waƙa. Akwai limami, da budurwar da aka aurar da ƙarfi, da Zabu mai yawo da zakara wadda ake ɗauka ba ta da cikakken hankali, da samarin da suka buga wasa babu ƙwallo.

Mu da muka tashi da finafinan Indiya da na Kano mun saba da labarin da ke da mai shi, saurayi da budurwa ko magidanci da matansa, kyamara tana biye da su har a ɗaura aure ko a yi jana'iza. Akwai kuma wani gini daban wanda gari ne jaruminsa, mutane kuwa kowa ya leƙo ya ba da nasa kason ya koma. Abin da Sissako yake son nunawa ba ya nunuwa a gida ɗaya, domin dokar da ake shelanta ta da lasifika cikin harsuna daban-daban ta shiga kowane lungu, ta tarar da mai kifi a kan tirenta da matashi da jitarsa da limami a masallacinsa, kuma kowa da irin yadda ya karɓe ta. Saboda haka ban ga laifinsa ba da ya nuna mai kifin ya wuce, bai biyo ta ya gaya mana yadda ta ƙare ba. Wanda ya zauna a yankin Arewa Mai Nisa na Kamaru a 2014 da 2015 ya san haka zaman yake: a tafi da mutum da safe a bakin kasuwa, ka yi cigiya kwana biyu, a rana ta uku ka koyi kame bakinka. Fitowa ɗaya ta isar wa matar nan, domin a cikinta an ga sana'arta, an ga gajiyarta, an ga inda haƙurinta ya tsaya. Haka ma wasan ƙwallon, wanda har yau bai tsufa ba ko kaɗan. Yara suna gudu suna miƙa wa juna ƙwallon da babu shi, mai tsaron gida yana daka tsalle, ƙura tana tashi, da masu sintiri suka ɓullo a kan babur sai kowa ya koma kamar motsa jiki yake yi. Ko sunan yaro ɗaya ba mu sani ba, kuma ba mu rasa komai ba.

Inda na dawo gefenki shi ne wurin rabo. Fim ɗin bai kai minti 100 ba, kuma a fim mai taron jama'a mintuna kamar gado suke: mai rabo ba zai iya bai wa kowa daidai da kowa ba, amma kason da ya yankar wa kowa yana tona abin da ke zuciyarsa. A kallona na biyu na ajiye takarda a gefe ina lura da inda kyamara take yada zango, sai na tarar a tantin Kidane take kwana. Muna shan shayi da shi, muna jin yana kaɗa jita, muna jin 'yarsa tana yabon mahaifinta a gaban Issan, muna ganin matarsa tana wanke gashinta tana mayar wa ɗan bindigar da ke zarya a ƙofarta magana ba tare da ta ɗaga murya ba. Kafin bindiga ta tashi mun riga mun zama 'yan gida. Amadu kuwa daga nesa muke hango shi a cikin ruwa, yana gyaran taru yana daka wa yaro tsawa. Ba mu taka gidansa ba, ba mu ga abin da taru ɗaya yake nufi ga mai shi ba, balle mu san baki nawa ke jiran kifin da zai kamo. Saniya ma an raɗa mata suna, an kuma tsayar da kyamara dab da fuskarta tana cikawa, shi kuwa ɗan Adam ya mutu a can nesa kamar ɗigon tawada.

Wannan hoto na mutuwar Amadu ya sha yabo, kuma mai ɗaukar hoton, Sofian El Fani, ya cancanci yabon. Kyamara ta ja da baya har ruwa ya cika allo daga gaɓa zuwa gaɓa, Kidane yana ratsawa zuwa gefe ɗaya, Amadu yana yunƙurin tashi a ɗaya gefen yana faɗuwa, kuma an bar hoton ya daɗe ba a yanke ba. A kallona na farko na ɗauke shi hoton adalci, bayin Allah biyu ƙanana a ƙarƙashin sama ɗaya. Yanzu na lura cewa ɗaya daga cikinsu kaɗai muka sani, don haka sikeli ya riga ya rinjaya tun ba a ɗora su ba. Idan aka ƙara da cewa makiyayin farar fata ne masuncin kuwa baƙi, a yankin da wannan bambanci yake da tsohon tarihi mai ɗaci, to rashin daidaiton rabon ya wuce a kira shi tuntuɓen alƙalami.

A 2015 idonmu duka yana kan masu rawani da bindiga, domin su ne fargabarmu a lokacin, faɗan saniya da taru kuwa muka ɗauke shi hanyar da marubuci ya bi don ya kai jaruminsa gaban alƙali. Ke da kike Kusseri ba sai an ba ki labarin Agusta da Disamban 2021 ba, lokacin da rikici ya ɓarke a yankin Logon Birni tsakanin Larabawan Shuwa makiyaya da Musgum masunta da manoma, a kan ramukan da ake haƙawa don tare ruwa da kifi, waɗanda shanu ke faɗawa su maƙale a taɓo. Wuta ta iso har cikin garinku, aka ƙona kasuwar shanu, Hukumar 'Yan Gudun Hijira ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ƙirga ƙauyuka 112 da aka ƙone, dubun-dubatar mutane suka tsallaka ruwa zuwa Cadi, akasarinsu mata da yara. Ban kawo wannan don in ɗora wa wani ɓangare laifi ba, kowane ɓangare ya binne nasa. Na kawo shi ne domin wanda ya ga wannan da idonsa ba zai sake kallon fitowar bakin ruwa a matsayin ƙaramar hanya ba. Ita ce cibiyar fim ɗin, kuma a nan ne darakta ya saurari bakin mutum ɗaya ya tashi.

Duk da haka akwai abin da ya gano daidai a wannan faɗa, kuma sai yanzu na gan shi. Da yaro ya rugo gida yana kuka, babu ardo da za a kai wa ƙara, babu sarkin ruwa da za a aika wa, babu dattijon da zai ce a zauna a ƙiyasta saniya a ƙiyasta taru. Kowa ya gudu, sai mai gida da zuciyarsa da bindigarsa. Da aka zo diyya ma haka. A fiƙihun da muka karanta a zaure, diyyar kisan kuskure a kan dangin mai kisa take, kuma ana ba su shekaru su biya. A Cadi ma kowa ya san yadda dangi ke haɗa kuɗin diyya. Kidane ba shi da kowa a bayansa, yaƙi ya watsa waɗanda za su tsaya masa, shi ya sa shanu 40 suka zama masa igiyar rataya.

Sauran abin da ya rage na ƙorafinki na farko shi ne wuraren da dambu ya yi yawa bai ji mai ba. Auren dolen da aka yi wa budurwar nan an yi shi a gurguje, alhali shi ne zaluncin da ya fi kusa da abin da matan yankinmu suka gani. Mutum biyun da aka jefe, waɗanda saboda irinsu aka yi fim ɗin tun farko, ba a zauna da su ba ko na minti biyar suna raye, sai kawunansu muka gani a saman yashi. Zabu kuwa, duk da kyawun shigarta da ƙarfin fitowar da ta buɗe hannuwa ta tare motar 'yan bindiga, ta ci lokacin da ya fi dacewa a raba wa waɗancan.

TAMBAYA: Malam, ni ɗan kasuwa ne a Marwa, kuma ina unguwar Barmare ranar 22 ga Yulin 2015 da bam ya tashi. Ban kalli wannan fim ba sai bana, da 'ya'yana suka matsa mini. Na tashi da ɓacin rai. An nuna waɗannan mutane suna musun ƙwallo tsakanin Zidane da Messi, wani yana laɓewa ya sha taba yana kuma koyon tuƙi, wani har rawa yake yi a ɓoye, kamar samarin majalisa. Mu ba haka muka san su ba. Wannan ba wanke su ake yi ba? Kuma Bature da ya kalla, me zai ɗauka game da Musulunci?

AMSA: Alhaji, Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu a Barmare da babbar kasuwa, da waɗanda suka biyo su a Pont Vert bayan kwana uku, ya kuma kiyaye gaba. Wanda ya ɗauki gawa da hannunsa ba a koya masa yadda zai ji idan ya ga fim, don haka ba zan yi jayayya da ɓacin ranka ba. Amma ka ba ni dama in raba maganar.

An gama fim ɗin kafin harin Boko Haram a garin Fotokol na iyakar Kamaru da Najeriya a Fabrairun 2015, kafin hare-haren Injamena na 15 ga Yuni, kafin naku na Yuli. Sannan abin da aka yi wa Timbuktu da abin da Boko Haram ta yi wa iyakarmu ba fuska ɗaya suke da ita ba, ko da akidar ta yi kama. Waɗancan sun kama gari ne suna son su mulke shi, suka kafa kotu da 'yan sanda da hizba, suna kwana a cikin mutane wata tara da ɗoriya. Namu kuwa shigar dare muka fi sani, da ƙone ƙauye, da ɗaura wa yarinya bam. Wanda ya zauna da azzalumi wata tara zai ga yana cin abinci yana hamma, zai kuma gano abin da yake yi idan ya ɗauka ba mai ganinsa, kuma wannan sanin ne Sissako ya ɗauko. Abdelkarim da ke laɓewa bayan tudu ya sha taba shi ne mai hana jama'a taba, kuma direbansa ya daɗe da sani. Matashin da aka zaunar gaban kyamara ya yi shelar tubarsa daga waƙa ya kasa faɗin kalmomin da zuciya ɗaya, har babbansu ya tashi yana koya masa yadda ake yi. Ban ga wanki a nan ba, tonon asiri na gani. Mutanen da muka ji suna musun ƙwallo su ne dai masu bulala da jifa, kuma darakta ya haɗa rawar nan ta ɓoye da jifan a wuri ɗaya don kada mai kallo ya manta. Da an yi musu ƙaho da jela, da babu uwar da za ta gane ɗanta a cikinsu, alhali kai da ni mun san gidajen da aka wayi gari yaro ya tafi.

A nan ne kuma nake ganin kana da gaskiyar da ta fi wadda ka rubuto. Akasarin masu bindigar fim ɗin baƙi ne, ba sa jin harshen gari, sai da tafinta. Wannan yana da daɗin ji, domin yana nuna cuta daga waje ta zo, amma bai cika ba. Jagoran Ansar Dine na lokacin, Iyad Ag Ghali, ɗan arewacin Mali ne. Ahmad al-Faƙi al-Mahdi, wanda ya shugabanci hizba kuma Kotun Hukunta Manyan Laifuka ta Duniya ta ɗaure shi shekara tara a Satumban 2016 saboda rushe hubbarori, ɗan yankin Timbuktu ne. Al Hassan, jigon 'yan sandansu, wanda kotun ta samu da laifi a Yunin 2024 ta kuma yanke masa shekara goma, shi ma ɗan yankin ne. Waɗannan shari'o'i duk bayan fim ɗin aka yi su, kuma suna daga cikin dalilan da suka sa kallon yau ya bambanta da na jiya. Haka nan babu inda aka taɓo tawayen MNLA, ƙungiyar Abzinawa 'yan aware wadda ta shelanta ƙasar Azawad a 6 ga Afrilun 2012 kuma ita ta buɗe ƙofar da waɗancan suka shigo. Ba'abzinen da aka zauna da shi a fim ɗin mai jita ne mai son 'yarsa, ba ruwansa da kowa. Tun a lokacin wasu masu sharhi sun yi wannan suka, sun kuma tuna wa jama'a cewa Sissako mai bai wa shugaban Muritaniya na wancan lokaci, Mohamed Ould Abdel Aziz, shawara ne kan al'adu. Ban yarda cewa muƙami kaɗai yana rushe aikin mutum ba, amma mai kallo yana da haƙƙin ya san inda mai ba shi labari yake tsaye.

Akwai kuma matsalar kyau. Yashin fim ɗin tas yake, tantin Kidane kamar an share shi don baƙi, hasken yamma yana zuba a kan komai kamar zuma, kiɗan Amine Bouhafa yana lallashin kunne. Wanda ya taɓa kwana a ruga ya san ƙuda da warin garke da tarin yara. Wannan kyau shi ya buɗe wa fim ɗin ƙofofin Turai, inda fiye da mutum miliyan ɗaya suka shiga sinima suka kalle shi a Faransa kaɗai, shi ne kuma ya sa mutum irinka yake jin an sanyaya abin da ba shi da sanyi.

Batun Musulunci kuwa, ka sake duba limamin. Shi ne ya tare masu bindiga da suka shigo masallaci da takalma ya ce su fita a bar mutane su yi salla, shi ne ya zauna da babbansu yana tambayarsa ina rahama ina yafiya a cikin abin da suke yi, shi ne ya je ya ƙalubalanci auren da aka ɗaura ba da yardar waliyyi ba. Bai ɗaga murya ba, bai kuma yi nasara ba, amma duk hujjar da aka kafa a kan waɗannan mutane daga bakinsa ta fito, kuma daga cikin addini ya ɗauko ta. Kidane ma da aka gaya masa hukuncinsa ga Allah ya miƙa al'amari, damuwarsa ɗaya ita ce 'yarsa. Baturen da ya kalli wannan ya fita da cewa Musulunci ne mai laifi, to da abinsa ya shigo.

TAMBAYA: Baba, ni ɗalibi ne a Injamena, muna haɗa gajerun finafinai da waya ni da abokaina, da Hausa da Larabcin Cadi. Ina rubuta labarin unguwarmu, mutum kusan ashirin ne a ciki, kuma Timbuktu ne ya ba ni ƙwarin gwiwa. Wani yayana ya ce fim ɗin yana da kurakurai, na ce fim mai lambar César bakwai wa ya isa ya yi masa gyara? Ka raba mana gardama.

AMSA: Ɗana, yayanka ya fi ka gaskiya. Lambobin gaskiya ne: an nuna shi a gasar finafinai ta Kan a Faransa a Mayun 2014, ya ci César, wato lambar yabon finafinai ta Faransa, har bakwai a Fabrairun 2015 har da ta fim mafi kyau da ta darakta, ya kuma shiga jerin biyar na ƙarshe a Oscar a rukunin finafinan harsunan waje, inda wani fim na Polan ya ɗauka. Amma ka tuna cewa an raba César ɗin ne makonni kaɗan bayan harin da aka kai wa jaridar Charlie Hebdo a Paris, lokacin da Faransa ke neman wanda zai yi mata bayanin abin da ya same ta. A FESPACO kuwa, bikin finafinan Afirka da ake yi a Wagadugu, a wannan shekarar, sai da aka yi ta kai-kawo kan ko a janye shi saboda tsaro, aka nuna shi daga baya, babbar lambar kuma ta tafi hannun Hicham Ayouch na Maroko. Alƙalai mutane ne, kowane da ranar da ya zauna da abin da ya kwana da shi a rai.

Idan za ka ɗauki wani abu daga Sissako, ka bar masa yashi da faɗuwar rana, ka ɗauki tafinta. Ka dubi zaman shari'ar Kidane, inda magana ke fita da Larabci ta koma Tamashek ta dawo, har alƙalin ya furta cewa maraicin yarinyar yana taɓa masa zuciya, sannan ya ce kada a fassara wannan. Kai da ke garin da mutum ke ciniki da Larabci, ya je ofis da Faransanci, ya koma gida da Hausa ko Ngambai ko Kanuri, kana zaune a kan dukiyar da ba ka saya ba, kuma waya ta isa ta ɗauke ta.

Mutum ashirin kuwa sun yi maka yawa a aikin farko. Mahamat-Saleh Haroun na ƙasarku ya ci lambar alƙalai a Kan a 2010 da labarin uba da ɗansa, kuma bayan wannan nasara ne aka sake buɗe sinimar Normandie ta Injamena a 2011. Idan ka nace sai taron, to ka yi abin da na yi da fim ɗin da kake so: ka ja layi a takarda, ka rubuta sunan kowa, ka rubuta minti nawa ka ba shi, ka sa alama a gaban duk wanda kyamara ta shiga ɗakinsa. Duk wanda zai mutu a labarinka, ka duba ko mun taɓa ganinsa yana cin abinci da iyalinsa. Idan ka gama ka aiko mini ta adireshin mujalla, kuma ka ɗora takardar mintunan a sama, domin ita zan fara karantawa kafin labarin.